Sana'ata miƙe wuyan jita

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Maiwurno ne, kudu da Sinnar, a bakin kogi. Kakanninmu suna cikin jama'ar da suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Makka suka nufa, Allah ya ƙaddara zamansu a Sudan. Gidanmu gidan karatu ne da noma, babu makaɗi a danginmu ko na nesa, kuma har yau idan na ce wa Bahaushe sana'ata ƙera jita da gyaranta sai ya sake dubana. Labarin da zan bayar na yadda na shiga wannan aiki ne, musamman ɓangaren da ya cinye mafi yawan shekaruna: dasa firet, wato ƙananan ƙarafan nan da suke gitte a wuyan jita, da tsare allon da suke kansa kada ya lanƙwashe.

Baba malamin allo ne, kuma da hannunsa yake sassaƙa wa almajiransa alluna daga itacen aduwa. Tun ina ƙarami nake riƙe masa gungume. Ba ya yarda ya ɗebi allo daga gefen itace, ko da yake nan ya fi sauƙin fitarwa. Sai ya tsaga gungumen biyu, ya fitar da allon daga kusa da zuciya zuwa ɓawo, ita zuciyar ya tura wa Inna ta hura wuta. Da na tambaye shi dalili, ya ɗauko allon da wani yaro ya sayo a kasuwa ya aje a ƙasa. Allon yana rawa, gefensa biyu sun ɗaga. Ya ce, "Kullum ana wanke shi, kullum yana bushewa. Wanda aka yanka daga gefe, zobban itacen a kwance suke a cikinsa, su ne suke janye shi. Nawa a tsaye suke." Da wannan maganar nake zaɓen katakon wuyan jita har gobe.

A 1991 aka tura ni Umdurman wurin ƙanen Inna in koyi kafinta. Kawu yana da warsha, wato shagon kafinta, muna yin gadaje da kabad da ƙofofi. Jikin warsharmu akwai ɗan shagon wani dattijo mutumin arewacin Sudan, kowa Usta yake ce masa. Ud, wato molon Larabawa, yake gyarawa da kamanja, wato gogen Turawa, da jita. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da ƙungiyoyin jaz suka cika Hartum, Sharhabil Ahmad yana tashe, matarsa Zakiyya tana riƙe da jita a cikin ƙungiyarsa, an ce shagon ba ya rabuwa da mutane. Ni na tarar kasuwar ta ja baya. An taƙaita bukukuwa, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake tashi, manyan makaɗa da yawa sun tafi Alƙahira. Waɗanda suka rage masu zuwa su ne 'yan biki na unguwa, da 'yan Kudancin Sudan masu kiɗa a coci, da ɗalibai.

Wata rana aka sauke wa Kawu katakon maɗaci, ina warewa. Kowanne na ɗaga sai in kafa ido ɗaya a bakinsa in duba tsawonsa, in juya in duba zobbansa. Usta yana zaune a ƙofarsa da jabana, wato tulun gahawa, yana kallona. Da la'asar ya ce wa Kawu, "Wannan yaron ka riƙa ba ni aronsa." Kawu ya ce, "Usta, ɗan malam ne fa." Ya ce, "Ba kiɗa zan koya masa ba. Katako zan koya masa." Haka aka yi, kuma bai saɓa alkawari ba, domin har ya rasu iyakacin abin da na iya da jita shi ne gwada muryarta.

Abu na farko da ya sa na ɗauki aikin da nauyi shi ne bambancin jita da ud. Ud ba ta da firet, haka gurmi da garaya da molo na mutanenmu. Yatsan makaɗi ne yake neman murya, idan ya kauce ya ɗan matsa ya gyara. A jita kuwa maƙerinta ya riga ya yanke wa kowace murya wurin zama. Idan ya tauye awo, makaɗi zai yi shekaru yana zargin kunnensa da yatsunsa alhali laifin yana cikin katako. Ni amana na ɗauki wannan. Kiɗan Sudan a kan muryoyi biyar yake tafiya, ba shi da 'yan gutsattsarin muryoyin nan na Masar da Sham, shi ya sa jita ta zauna daram a cikinsa, kuma shi ya sa ɗan kuskure yake fitowa fili.

Usta da kamfas yake awo. Ya auna tsawon tsirkiya daga ƙashin sama, inda tsirkiya take hawa a saman wuya, zuwa jaki, inda take hawa a fuskar jita, ya raba 18, kashi ɗaya shi ne wurin firet na farko. Abin da ya rage ya sake raba shi 18, haka har ƙarshe. Tsohuwar ƙa'ida ce, Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo, ya rubuta ta tun 1581. Daga baya wani ɗalibi ya zo mana da kalkuleta ya nuna mana cewa lambar da ake aiki da ita yanzu 17.817 ce. A jitar da tsirkiyarta take milimita 650, firet na farko yana faɗawa a 36.5, na biyar a 163, na bakwai a 216.2, na goma sha biyu a 325, rabin tsirkiya daidai. Da lissafin 18 kuwa na goma sha biyu yana tsayawa wajen 322.6. Usta ya daɗe yana cike wannan giɓin da kunnensa wajen aje jaki. Ya karɓi sabuwar lambar ba tare da gardama ba, amma ya kafa mini sharaɗi: kowane firet daga ƙashin sama za a auno shi, a kan rula ɗaya, ba daga firet zuwa firet ba. Idan ka bi ɗaya bayan ɗaya, kaurin bakin fensir kaɗai yana taruwa, kafin ka kai na ashirin ka ɓata. Da wuƙa muke sa alama. Daga baya na yanka wa kowane tsawo ma'auninsa a fallen alminiyam, na 650, da na 648 irin na jitocin kamfanin Fender, da na wajen 628 irin na kamfanin Gibson.

Amma awo shi ne mai sauƙin. Mutane suna ganin ƙarafan suna ƙyalli sai su ɗauka su ne aikin, alhali firet bin allon da ke ƙarƙashinsa yake yi. Idan allo yana da doro, firet zai hau doron. Idan yana da kwari, zai faɗa. Na ga masu gyara da yawa suna dasa ƙarfe a kan karkataccen allo, sannan su ɗauki magagari su ci kan ƙarafan har su daidaita. A ranar jita za ta yi daɗi. To amma wasu ƙarafan sun koma rabin tsayinsu tun ba a taɓa su ba, an cinye wa mai jita shekarun da ya biya kuɗinsu. Wannan aikin ba na ƙaunarsa ko kaɗan.

Mu daga gungume muke farawa. Wuya maɗaci ne, zobbansa a tsaye. Idan ba mu sami mai kauri ba sai mu tsaga katako uku, mu juya na tsakiya, mu manna, ta yadda idan ɗaya ya so ya ja dama ɗan'uwansa ya riƙe shi. A fere shi sama-sama a rataye shi, domin katako yana motsi bayan kowane yanka, sai ya gama motsinsa a sake ferewa. Allon yatsu abanus ne, baƙin katako mai tauri, irin wanda masu sassaƙa suke aiki da shi a kasuwar Umdurman. Yana da maiƙo, sai an goge fuskarsa da sifirit kafin gam ya kama. Wajen mannawa akwai tarko: ruwan da ke cikin gam yana shiga fuskar katako ya kumbura ta, wuyan ya tanƙware baya. Saboda haka a jikin wani miƙaƙƙen ƙarfe mai kauri muke matse su, a bar su kwanaki har ruwan ya fita. Bayan nan a zazzana fuskar allon da fensir, a manna samfefa a doguwar sanda miƙaƙƙiya, a riƙa gogawa ta hanyar da kowace tsirkiya za ta bi har zanen ya ɓace gaba ɗaya lokaci guda. Jita mai tsirkiyar roba allonta shimfiɗe yake. Na mai tsirkiyar ƙarfe kuwa yana da ɗan ƙundu, wato ɗan tudu, daga gefe zuwa gefe, kuma dole ƙundun nan ya tafi bai ɗaya.

Sai zarto. Usta yana da wani ɗan zarto mai ƙarfe a bayansa, a naɗe cikin tsumma, babu mai taɓa shi. Ya goge gefen haƙoransa da dutse har tsagar da yake bari ta tsaya wajen milimita 0.6. Dalili kuwa, wayar firet tana da kai wanda tsirkiya take taɓawa, tana da ƙafa da take shiga tsaga, a jikin ƙafar akwai 'yan ƙayoyi masu kama katako. Kowace ƙafa idan ta shiga tana ture katako gaba da baya. Idan tsagar ta matse da kashi biyar cikin ɗari na milimita kawai, abin da ido ba ya gani, to firet ashirin sun ƙara wa fuskar allon tsawon milimita guda, bayan wuyan kuwa yana nan yadda yake. Ina wuyan zai je? Baya zai tanƙware, tsirkiya ta kwanta a kan ƙarafan farko tana zirr. Idan kuma tsagar ta yi faɗi, ƙarafan ba su tallafi komai ba, jan tsirkiya ya rinjayi wuyan ya sunkuyo gaba. Jan nan ba wasa ba ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna ja da nauyin da ya kai kilo 70, na roba wajen 40, dare da rana.

Ranar da na ga Usta ya juya wannan haɗari ya zama magani, ranar na san ba zan koma yin kabad ba. Wani ɗan Kudu ya kawo tsohuwar jitar cocinsu, wuyanta ya sunkuya har yatsa yana shiga ƙarƙashin tsirkiya, kuma babu rodi a cikinsa, wato sandar ƙarfen da ake binnewa a wuyan jita don ta tokare shi. Usta ya ɗumama kowane firet da ƙarfen soda na masu gyaran rediyo, ya ɗaga shi a hankali da awartaki mai faɗin baki don kada bakin tsagar ya ɓantare. Ya daidaita allon. Sannan ya ɗauko wata filaya da ya fiƙe wa baki, ya riƙa cizon ƙafar sabuwar waya tana yin ziƙ-ziƙ, ta ƙara kauri. Waɗannan masu kaurin ya ware wa tsakiyar wuya, daga na uku zuwa na tara. Ya aje jakar yashi ƙarƙashin wuyan, ya sa ni riƙe miƙaƙƙiyar rular ƙarfe, muka fuskanci ƙofa inda haske yake shigowa. Ya buga biyu, ya ce in ɗora rula. Hasken da ke kutsowa ƙarƙashinta ya ragu. Ya ƙara biyu, ya sake raguwa. Bai tsaya ba sai da hasken ya ɓace a tsakiya, ya ɗan bayyana a bakin rular biyu, wato wuyan ya ɗan wuce miƙe zuwa baya. Na ce, "Usta, ya wuce." Ya ce, "Tsirkiya ba ta karɓi rabonta ba tukuna." Da muka ɗaura tsirkiyoyi suka ja, wuyan ya dawo inda ake so. Daga baya na sami labarin cewa kamfanin Martin na Amurka da irin wannan dabara ya daɗe yana aiki, domin bai fara sa rodin da ake juyawa ba sai 1985, ko da yake wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya nemi rajistar irin wannan rodi tun 1921.

Bugun kansa yana da ladabi. A share tsaga tas, a duba zurfinta ya ɗan fi ƙafar waya, a ɗan kashe kaifin bakinta da magagari mai kusurwa uku. A lanƙwasa wayar ta ɗan fi ƙundun allo. A fara zaunar da bakin nan biyu, sannan a bi zuwa tsakiya da ƙananan bugu, guduma mai kan tagulla ko roba. Yayin da tsakiyar take sauka, ƙayoyin suna zamewa gefe a cikin katako su kulle kansu. Firet da ya zauna ƙararsa a toshe take, wanda bai zauna ba yana da 'yar amsa-kuwwa, kunne yana ji tun ido bai gani ba. Wanda ya yi fushi ya ƙara bugu, wayar za ta miƙe bakinta ya ɗaga, sai cirewa. Bayan an gama a datse bakuna, a kwantar da su da magagari, a shafa tawadar alƙalamin maka a kan kowane firet, a ɗan goga da miƙaƙƙiyar sanda har tawadar ta ɗauke a ko'ina. Idan allon ya yi kyau, shafa kaɗan ta isa. Sai a mayar wa kowanne zagayen kansa, a bar siririn layi a tsakiya, a goge ya yi santsi.

Daga 1997 zuwa 2017 Sudan tana ƙarƙashin takunkumin Amurka, kayan aiki suka yi wuya. Wayar firet ta gaskiya, wadda ake haɗawa da jan ƙarfe da tutiya da nikel kashi 18 cikin ɗari, sai mu roƙi alhazai su sayo mana a Jidda, ko mai dawowa daga Alƙahira. Abin da suka samu shi suke kawowa, yau mai siririyar ƙafa, gobe mai kauri, shi ya sa na tara zaruta iri-iri, kuma ba na yanka tsaga sai wayar tana hannuna na gwada ta a guntun katako. Akwai lokutan da babu ita sam, muka riƙa yanka fallen tagulla muna dasa shi a tsaye, ba kai ba ƙaya. Yana aiki, sai dai tsirkiyar ƙarfe tana cinye shi da wuri, kuma muna faɗa wa mai jita gaskiya kafin mu karɓi kuɗinsa.

A gida kuwa maganar ba ta yi daɗi ba. Labari ya kai Maiwurno cewa ɗan malam ya zama maroƙi a birni. Akwai gidan da na nemi aure aka hana ni a kan haka. Baba bai aiko da faɗa ba, bai kuma ƙara tambayata aiki ba, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Sai da ya zo Umdurman neman maganin ido Kawu ya biyo da shi ta shagon. Ya ƙi zama. Ya tsaya yana kallon jitocin da ke rataye, sannan ya sa hannu ya ɗauki wani wuya da ban gama ferewa ba, ya kai bakinsa kusa da idonsa mai lafiya. Ya ce, "A tsaye suke." Na ce, "Eh, Baba." Ya ce, "Kana bugawa a biki?" Na ce, "A'a, Baba, murya kawai nake gwadawa." Ya ce, "Ra'ayina a kan kiɗa ka san shi, bai sauya ba. Ka kiyaye sallarka, kada ka tauye wa kowa awo." Ya aje wuyan ya fita. Bai sa wa sana'ar albarka ba, bai kuma ce in bari ba, a haka muka zauna har Allah ya karɓi ransa. Ina ɗauke da wannan, kuma ba na jin haushin duk wanda yake ganin abin yadda Baba ya gan shi.

Usta ya rasu, 'ya'yansa ba su bi sana'ar ba, suka bar mini kayan aikinsa da shagon. A lokacin jitocin Sin masu araha sun cika kasuwa, kusan kowace da rodi a wuyanta, kuma rodin nan ya jawo mini aiki fiye da komai. Yaro zai ji tsirkiya ta yi masa tsayi, wani ya ce masa ya ɗaure rodi, ya yi ta juyawa har ya ji ƙas. Rodi aikinsa ɗaya ne, ya yi wa jan tsirkiya turjiya a tsakiyar wuya. Ba ya gyara wuyan da ya murɗe, ba ya kwantar da doron da ke fitowa inda wuya ya haɗu da jiki, ba ya rage tsayin jaki. Kwata ɗaya ake juya shi a jira. Kuma wuyan da ya miƙe sak ba shi ake nema ba, domin tsirkiya idan tana kaɗawa ta fi buɗewa a tsakiya, tana son wuri. Ka danne ta a firet na farko da inda wuya ya shiga jiki, ka duba na bakwai ko na takwas. Ratar da za ka gani milimita 0.2 zuwa 0.3 ce, kaurin takarda biyu ko uku. A cikin wannan 'yar ratar duk sana'ata take.

Sannan ga iskar Hartum. Masana'antu suna haɗa jita a ɗakin da laimarsa take kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A kawo ta nan, Maris da Afrilu su same ta, iska ta bushe ƙayau. Allon yatsu ya tsuke ta faɗinsa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakunan firet su fito suna yankar hannu. Fuskar jita ta lotsa, wani lokaci ta tsage. Damina ta zo komai ya kumbura. Wanda yake da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, jitarsa tana kwana a damina ta wuni a rani. Saboda haka na mayar da dasa firet aikin tsakiyar rani, lokacin da katako ya kai ƙarshen tsukewarsa, kuma ina ba kowane mai jita shawara ya huda gwangwanin sabulu ya sa jiƙaƙƙen soso a ciki ya aje a akwatinta. Bayan rabuwar Kudu a 2011 maɗaci mai kyau ya yi ƙaranci, na koma sayen tsofaffin ƙofofi da gadaje. Katakon da ya sha rani hamsin a Umdurman ya gama duk motsin da zai yi a wannan iska. Na tara su da yawa a bayan shago.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin azumi, yaƙi ya tashi. Da muka ga ba mai ƙarewa ba ne na kwashi iyali. Daga shago na ɗauki zarton Usta, da rular ƙarfe, da ma'aunan alminiyam, da naɗin waya guda, da wasu wuyoyi da na riga na dasa wa firet. Muka zauna Madani har Disamba, muka koma Maiwurno, da faɗa ya matso yankin Sinnar a tsakiyar 2024 muka bi ta Gadarif zuwa Bur Sudan, bakin Bahar Maliya. An faɗa mini an fasa shagon, katakon da na tara kuma an yi girki da shi. Waɗanda suka rage a unguwar ba su da gawayi ba su da gas, na yafe musu har zuciyata. Mun rasa mutane a wannan yaƙi, maganar katako ba ta kai a yi kuka a kanta ba, ko da yake na yi.

A Bur Sudan na tarar da wata iska dabam, mai laima da gishiri. Wuyoyin da na zo da su, waɗanda na bari da ratarsu daidai, na ɗora musu rula na ga sun koma baya. Abanus ya sha laima, ya ƙara matse ƙafafun ƙarafan. Firet yana yin kore, tsirkiya tana tsatsa tun ba a gaji da ita ba, fuskar jita tana kumbura ta ɗaga jaki. Ina da shekara hamsin na koma ɗalibi. Yanzu ina ɗan sakar wa tsaga, in ɗiga gam ya cike, ina sa rodi mai aiki gaba da baya, kuma na fara dasa wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ake kawo mini daga Jidda. Tana cin magagari, tana gajiyar da hannu, ba ta yafe allon da bai daidaita ba, amma a bakin teku ita ce gaskiya. Tambayata ta farko ga duk wanda ya zo yanzu ita ce, a wane gari jitar za ta zauna? Mai tafiya Jidda dabam nake yi masa da mai tafiya Riyad ko Kasala.

Wani Bahaushe haifaffen Jidda ya aiko mini da aikin da ban taɓa yi ba. Yana kiɗa da Larabawan can, yana son muryoyin da ke faɗawa tsakanin firet biyu, ya ce in ƙara masa ƙarfe. A tsirkiya mai 650, tsakanin na farko da ke 36.5 da na biyu da ke 70.9, ƙarin yana zama wajen 54. Kowace ƙarin tsaga ƙarin turi ce a daidai inda wuya ya fi siranta, sai da na zaɓi siririyar waya na kuma sassauta maƙwabtanta. 'Yata ta biyu ce ta riƙe mini rula a wannan aikin. Makarantarsu ta tsaya saboda yaƙi, ta fara zama kusa da ni a rumfar da nake aiki, yanzu ita take sa alama da wuƙa domin idonta ya fi nawa. Rannan ta ƙwanƙwasa wani firet da na buga ta ce, "Baba, wannan bai zauna ba." Na saurara, gaskiyarta. Mahaifiyarta tana tsoron abin da mutane za su ce, irin wanda aka ce a kaina, kuma ban da amsar da zan ba ta sai dai cewa yarinyar tana son aikin kuma ta iya.

Tun 2025 mutane suka fara komawa Hartum da Umdurman, mu ma muna shiri idan Allah ya yarda. Wani tsohon abokin cinikina da ya riga mu komawa ya ba ni aikin sabuwar jita, domin tasa ta tafi da gidansa. Na sami wata tsohuwar ƙofar maɗaci a nan, na fitar da wuya, na manna allo, na tsaya. Yana ta bugo waya yana tambaya yaushe zan buga ƙarafan. Na ce masa wannan katakon iskar teku ya sha, idan na dasa firet a nan, watan Afrilu na farko a Umdurman zai fito masa da bakunansu ya sunkuyar da wuyan. Zan taho da shi haka, in rataye shi a can ya ci rani guda, sannan in daidaita allon in yanka tsaga. Ya ce ya yi nisa. Na tura masa aron wata jitar Sin da na gyara, ya riƙa bugawa kafin lokacin.